Ranar da Gayya Ta Nome Filin Bincike

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, babu ciwon kai, babu abin da ya ɓace a mota. Allah Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a dajin da za a kai ku.

Za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawar da innarki ta sa. Ni na cusa ta. Ke ce ta fari, ga shi sunan mahaifiyata kika ci, saboda haka ban iya zaunar da ke in yi doguwar magana ba. Na gwada ranar da aka ce an ɗauke ki aiki, amma abin da ya fito daga bakina shi ne ko kin ba awaki ruwa. Sai na koma ga abin da na saba, wato rubutu. Na rubuta na yage, na sake na yage, har innarki ta tambaye ni ko wasiyya nake yi.

Kin ce aikinku shi ne auna itatuwa da bin sawun namun daji, don a gane abin da ke ƙaruwa da abin da ke ƙarewa. Kin yi mini bayanin a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai taɓa jin abu ba, ni kuma na yi ta gyaɗa kai. To, na taɓa yin aikin nan kafin a haife ki. Manyan garinmu Zakka duk sun sani. Gara ki ji daga gare ni kafin abokina Lawandi, wanda kike kira Baba Lawandi, ya ba ki nasa, don shi duk shekara sai ya ƙara wa labarin gishiri.

Bayan na gama sakandare na dawo gida, wani ɗalibin jami'a mai suna Malam Sa'idu ya sauka wajen mai gari. A lokacin ana shiga dajin Rugu a fito lafiya, ba kamar yanzu ba. Dattawa sun gaya masa cewa da can ƙirya da marke da taura sun rufe bakin dajin, amma ga shi sai sabara da geza. Abin da yake so ya sani shi ne ko itatuwan sun mutu ne gaba ɗaya, ko kuwa suna nan a ƙasa, gatari da bakin akuya ne ke hana su tashi. Aka ba shi fili a bakin daji, ya kewaye shi da waya mai ƙaya, ya sa ƙofa da kwaɗo. Sharaɗin guda ne: damina uku a jere kada dabba ta shiga, kada fartanya ko gatari su taɓa komai. Abin da ya tsiro da kansa shi zai rubuta, da shi kuma za a ba shi digirin da yake nema. In aka taɓa filin, aiki ya koma farko.

Ni ya ba makulli. Aikina in zaga waya, in duba gwangwanin auna ruwan sama, kuma duk ɗan itacen da ya tsiro in ɗaura masa guntun gwangwani mai lamba, in auna tsawonsa. Shi yana makaranta, sai jefi-jefi yake zuwa.

Bari in fara da ƙaramin kuskure, don ki san irin mutumin da aka ba makullin. A wajen waya, kan hanyar rafi, mun baza rairayi don duk abin da ya wuce ya bar sawu. Kullum zomo ne da kurege da zabin daji, wani lokaci jan cikin damo. Malam Sa'idu ya taɓa cewa a gabana da zai ga sawun barewa ko sau ɗaya da ya ji daɗi, don tsofaffi sun ce ta bar yankin. Wata safiya na ga ɗan kofato siriri. Na durƙusa na dube shi ta gabas, na zagaya na dube shi ta yamma. Zuciyata ta ce akuya ce. Amma da na tuna fuskar Malam Sa'idu, sai na ba direban motar kasuwa saƙo cewa barewa ta dawo. Mutumin nan ya bar darasi ya taho da kyamarar aro. Muka laɓe bayan sabara, cinnaku suna cin mu, babu halin motsi. Da hantsi sai ga barewar ta iso, da igiya a wuya, tana jan turkenta. 'Yar akuyar gwaggon Lawandi ce. Malam Sa'idu ya ɗauke ta hoto duk da haka, ya ce tun da an riga an aro kyamarar.

Ummi, ki rubuta abin da idonki ya gani, ba abin da shugabanki yake marmarin ji ba. In ba ki tabbata ba, ki rubuta ba ki tabbata ba. Ban taɓa jin an kori mutum a kan wannan ba.

Babban kuwa daga baki ya faro. Malam Sa'idu ya yi wa mai gari bayanin filin, sauran gari ya bar mini. Ya ce in miƙe a ƙofar masallaci bayan salla in faɗa wa jama'a. Na tsara bayanin a takarda, na haddace, na gwada shi a gaban jakin babana. Amma duk ranar da na yi niyyar miƙewa, sai in ga ba ranar ce ta dace ba. Ta yaya ɗan manomi zai tsaya gaban manoma ya ce aikinsa shi ne kallon ciyawa tana girma?

Mutane suka ga kullum ina buɗe kwaɗo ina rufewa. Suka tambaya me za a shuka, na ce ana nan ana shiri. Wani ya fara kiran wurin gonar Isiya, wato tawa, sunan ya bi gari, ni kuma ban musa ba. Daɗi ma na ji. Ban taɓa mallakar ko gayauna ba, a gandun babana nake, inda kullum yake cewa huɗata kamar maciji ya wuce. Da na je zance Darini wajen innarki, ta tambaye ni ko gaskiya ne ina da gona mai waya da kwaɗo. Na ce haka mutane ke faɗi. Na daɗe ina lallashin kaina cewa wannan ba ƙarya ba ce.

Daminar farko aka yi mini uzuri, aka ce sabon hannu ne. Damina ta biyu gamba ta wuce kaina, tafasa da ƙarangiya suka cika ko'ina. Malam Sa'idu ya zo ya shiga ciki yana rarrafe, ya samu tsofaffin kututturen ƙirya sun yi toho, ga 'yan taura sun leƙo. Ya tsuguna gabansu yana murmushi kamar wanda ya zo barkar haihuwa. A gari kuwa aka sa mini suna Akawun Ciyawa. Mata masu zuwa itace in sun gan ni sai su ce sannu da aiki, su ja gyale su toshe baki. Liman ya yi wa'azi a kan lalaci bai kama sunan kowa ba, amma sahun gaba duk suka juyo. Babana ya daina bin hanyar.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, kafin ku kafa turke ko ɗaya, ku zauna da mutanen wurin. Ba mai gari kaɗai ba. Mata masu itace, makiyaya, samari, kowa ya ji da kunnensa abin da za a yi da abin da ba za a taɓa ba. Za su yi dariya, ki bar su su gama. Manomi in ya ga ciyawa cikin shinge hannunsa ƙaiƙayi yake yi, kuma ba mugunta ba ce, haka aka raine shi. Ni na san wannan fiye da Malam Sa'idu, shi ya sa laifin ba nasa ba ne.

Kin san kakanki na Darini, Allah Ya jiƙansa. Ba ya doguwar tambaya a kan mai neman ɗiyarsa. Kekensa yake hawa ya je ya ga gonar mutum, daga nan ya ba da amsa. Tsakiyar damina ta biyun nan aka aiko cewa yana nan tafe bayan ranar kasuwa.

Lawandi ne sarkin samari a lokacin. Ya same ni a bakin waya, ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ce, "Akawu, in tsohon nan ya ga wannan jejin, ko kaza ba zai ba ka ba."

A nan ne na fara faɗa wa wani gaskiya, ita ma rabi. Na ce filin na bincike ne, an hana taɓawa. Ya tambaya wa ya hana, na ce Malam Sa'idu. Ya tambaya ko Malam Sa'idu yana da mata, na ce yana da ita har da ɗa. Ya ce to ai shi ya riga ya haye. Sannan ya ce in ba shi makullin ya ga irin ƙirarsa. Yana jujjuya shi a hannu ya ce gobe in shiga Safana in gyara kekena, kuma kada in yi saurin dawowa.

Babu abin da ya samu kekena. Na kuma tafi gida ban karɓi makullin ba. Shekara da shekaru ina tambayar kaina ko mantawa na yi. Wani lokaci in ce mantuwa ce, wani lokaci in ce a'a. Abin da ba ni da shakka a kansa shi ne washegari na tafi Safana. Mai gyara ya duba keke ya ce lafiyarsa lau, na ce ya ƙara dubawa. Ya sace iskar taya ya sake hurawa don ya rabu da ni.

Da la'asar ina dawowa, tun daga nesa na jiyo gangar noma. Gayya ce, Ummi, irin wadda ban sake ganin kamarta ba. Samarin Zakka kaf sun fito da garma, 'yan mata sun kawo fura suna guɗa. An sassabe, an kwashe, an yi huɗa miƙaƙƙiya kamar an ja da igiya, har an shuka wake, tun da lokacin gero ya wuce. Tohon ƙiryar nan an tara shi a gefe za a kai wa tsofaffi su hura wuta. Kowa jiƙe da gumi yana yi mini murna. Tun safe suke aiki, ba don komai ba sai don kada in rasa innarki. Na buɗe baki, abin da ya fito godiya ce. Har goro na raba.

Ki ji tsoron masoyanki a kan aikinki fiye da yadda kike tsoron wanda ba ya son ki, don su ba za ki iya yi musu tsawa ba bayan sun gama. Makullin da aka ba ki ya kwana a hannunki, ko wa ya ce zai duba ƙirarsa. In kuma aka ce ki tafi wani wuri kada ki yi saurin dawowa, to wannan ranar ce ranar zama.

Kin ga a kan akuya na yi saurin aika saƙo. A kan wannan kuwa na yi ta tsara yadda zan faɗa, ban gama tsarawa ba har ranar da kakanki ya iso. Na tsuguna nesa da ƙofar filin kamar yadda ya kamata, na cire takalmi, na sunkuyar da kai. Sai da na gama tsugunawa na gane a kan tarin ƙarangiyar da 'yan gayya suka watso waje nake, kuma ba a gyara zama a gaban suruki. Kakanki ya bi huɗa har ƙarshe, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wurinsa wannan babban yabo ne.

Sai ga ƙarar mashin. Malam Sa'idu ne, da sandar awo a kafaɗa. Ya sauka ya dubi filin, ya wuce gaba, yana zaton ɓatan hanya ya yi. Can ya dawo ya kama kwaɗon ya juya shi, ya ga nasa ne. Ya dube ni a tsugunne, ya dubi dattijon, ya gane ko wane ne. Ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da damina da gajiyar hanya, bai tsallake ko ɗaya ba. Kakanki ya ce ya ji shi ne ubangidan yaron nan, ya kuma ce an gaya masa yaron rago ne, ga shi ya ga akasin haka. Malam Sa'idu ya nemi kan huɗa ya zauna. Abin da ya ce kawai shi ne, "Huɗa ta yi kyau, Baba."

Da a nan aka tsaya, da ya rufa mini asiri ya tafi da asararsa. Amma Lawandi ya hango mashin ya taho da gudu, riƙe da igiya mai ƙara. Ashe ranar gayya ya sa an tsince guntayen gwangwanin nan masu lamba, an jera su a igiya tsaf. Ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Ga kayanka, Malam. Na ce kowa ya kula, ko ɗaya bai ɓace ba."

Malam Sa'idu ya yi godiya. Ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar carbi. Kakanki ya tambaya mene ne waɗannan. Malam Sa'idu bai iya ƙarya ba, sai ya faɗa a hankali cewa kowanne ɗan itace ne da ya tsiro da kansa, wannan ƙirya ce, wannan taura. Kakanki ya tambaya filin na wa ne, aka faɗa masa. Ya tambaya makulli a hannun wa yake, aka faɗa masa. Ya tambaya yanzu me ya rage na aikin, Malam Sa'idu ya ce babu.

Kakanki ba ya magana da ni kai tsaye, saboda haka ya juya ga Lawandi, alhali ina tsugunne inda ko tari ya yi zan ji. Ya ce, "Ka gaya wa abokinka ba huɗa na zo gani ba. Wanda aka ba ajiyar ciyawa ya kasa, ban san yadda zan ba shi ajiyar mutum ba."

Lawandi ya tako har gabana ya maimaita mini, kalma ba ta ɓace ba.

Kakanki bai hau keke nan take ba. Ya zauna kusa da Malam Sa'idu a kan huɗa, suka daɗe suna magana a kan itatuwan da ya sani yana yaro. Daga ƙarshe ya ce yana da saura a bayan Darini, gonar da aka daɗe ba a nomawa, a je a kafa wayar a can. Makulli kuma a mayar wa wanda ya yar da shi. Damina biyun da na cinye, sai sabon filin ya ga irinsu ba a taɓa shi ba kafin a sake yi masa maganar aure. In kuma yarinya ta ga ba za ta jira ba, shi ba zai tsare ta ba.

Wannan karon na miƙe a ƙofar masallacin Darini, na ce filin ba nawa ba ne, aikina kallon ciyawa ne, kuma ina roƙon kowa ya taya ni kallo da ido kawai. Aka yi dariya har liman ya ɗaga hannu. Shi ke nan, ta wuce. Abin da na yi damina biyu ina gudu bai kai tsawon shan koko ba.

Wanda ya fi kowa shan wuya kakanki ne, don saurar a kan hanyar gonarsa take. Da ciyawa ta tashi sai ya riƙa wucewa da hannuwansa a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya. Wata rana ya tare Malam Sa'idu ya nemi fatawa a kan ciyawar da ta leƙo waje ta cikin waya, ta bincike ce ko ta gari. Aka ce ta gari ce. Daga ranar babu ganyen da ya sake leƙowa ya kwana. Ciki jeji, kewayen waya kuwa fes kamar filin idi.

Ƙirya ta yi toho a Darini ma, har da marke. Malam Sa'idu ya samu amsarsa: itatuwan suna nan da rai a ƙasa, sarari suke jira. Amma ya gama a makare, abokan karatunsa sun riga shi, kuma mahaifinsa bai ga ranar ba. Bai taɓa faɗa mini wannan ba, a bakin wani na ji. In Baba Lawandi ya ba ki labarin za ki yi dariya, ki yi abinki, ni ma ina yi. Sai dai ki tuna duk filin da aka kewaye aka bar miki, shekarun wani ne a ciki.

Innarki ta jira. Masu gonaki na gaske sun zo, da masu shanun huɗa, ta ce ita tana so ta ga ƙarshen ciyawar nan. Da damina ta biyu ta ɗauke, kakanki ya zaga wayar da ƙafarsa, ya ja kwaɗo ya ji shi gam, sannan ya kira Lawandi ya ce ya gaya wa abokinsa ya turo manyansa. Ina tsaye a bayan Lawandin.

Na karanta wa innarki wannan takarda kafin in naɗe. Ta ce na rage abubuwa da yawa, amma ta yafe. Ta ce in ƙara miki nata guda ɗaya: in wani saurayi a can ya ce miki yana da gona, kada ki tambaye shi girmanta, ki tambaye shi ta wa ce.

Allah Ya kiyaye ki daga maciji da kunama da mugun mutum, Ya tsare shigarku daji da fitowarku. Kada ki bi sawu ke kaɗai, kada aiki ya sa ki jinkirta salla. Allah Ya ba dajinmu lafiya har wata rana ki zo ki auna shi da kanki, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Babanki.